Layi na Huɗu, Ta Goma Sha Ɗaya

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Likita ce ta ce in riƙa rubutu. Wai duk abin da na yi a rana in sa shi a takarda, ko da shan shayi ne. To, na sha shayi. Ni Kallamu mutumin Gumel, shekarata sittin da bakwai, talatin da takwas daga ciki a nan Abakpa ta Inugu na yi su, yau an mayar da ni ɗan firamare.

Mako bakwai ke nan da aka tsaga ƙirjina. Hanyoyin jinin zuciya ne suka toshe, sai suka zaro jijiya daga ƙafata ta hagu suka yi wa jinin wata hanya. Ɗinkin ya kama, sai dai in tari ya zo dole in rungume matashin kai. 'Yata Bara'atu ta baro mijinta da shagonta a Kasuwar Ochanja ta Onitsha ta zo jinyata. A takarda kaɗai nake iya ambaton sunanta, 'yar fari ce, a baki "ke" nake ce mata. Ta hana ni gishiri, ta hana ni tsire, ni da na ƙare ƙuruciyata ina kai wa masu tsire albasa.

Ba ƙirjin ne ke damuna ba. Jiya na nemi carbina har na ɗaga wa yarinyar murya, ashe yana hannuna.

Bari in rubuta aikina, tunda an ce komai. Shekara talatin da ɗaya maƙabartarmu ta bayan gari tana hannuna. Mu ba ma kafa allo ko dutse mai suna. Ƙasar nan ja ce mai laushi, ruwan Inugu kuwa ba ya wasa, damina biyu ta isa ta shafe tudun kabari ciyawa ta rufe wurin. Daga nan babu wanda ya san wa ke kwance a ina sai ni. Daga gindin bishiyar yazawa nake farawa, in bi layi-layi ina gaishe su da sunayensu. In an yi rasuwa ni nake nuna wa masu haƙa inda babu kowa, kuma ban taɓa yin kuskure ba. Matata Zuliha ma tana can, shekara tara ke nan. Kowace Juma'a da sassafe nake zuwa wurinta ni kaɗai, amma tun da aka yi min aikin nan ban samu zuwa ba.

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Awwalu mai tura baro ya rasu da asuba, ɗan Kazaure ne, zazzaɓi ya yi. An aiko kirana. Yarinya ta ce kada in je, na ce mata ba a taɓa rufe mutum a garin nan ina gida ba. Maƙwabcina Nicodemus ya kai ni a kekensa mai ƙafa uku.

An rufe shi. Allah Ya jiƙansa. Sauran ba na takarda ba ne.

Laraba, 8 ga Mayu, da yamma

Na sha shayi. Na sha magani. Ban fita ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan azahar

Ƙarar diga a kan dutse daban, ƙararta a kan itace daban. Duk wanda ya taɓa aikin nan ya sani, domin in an kwantar da mutum itace muke jerawa a samansa kafin a tura ƙasa. Kwana biyu ke nan ƙarar tana cikin kunnena.

Ni na nuna wurin. Na tsaya na ce, "Nan." Shafi'u mai haƙa, da muka yi shekara shida tare, bai ko tambaye ni ba, ya sa diga. Har ya kai gwiwa sai aka ji. Ya ɗago ya dube ni, gumi na zuba daga gemunsa. Alhaji Falalu shugaban kwamitin masallaci ne ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, wa ke nan?"

Na buɗe baki. Mutum kusan arba'in suna tsaye, gawa tana kan makara tana jira.

Shafi'u ya mayar da ƙasa. Aka je can bakin shinge inda ba a taɓa haƙawa ba aka yi wa Awwalu nasa. Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Kowa ya gaishe ni da kyau. Kyan ne ma ya yi yawa. "Malam ya jiki? Malam a riƙa hutawa." Da na isa majalisa a ƙofar masallaci hira ta mutu, wani ya tashi ya ba ni kujerar roba, alhali shekara da shekaru a kan benci nake zama tare da su. Gara a zage ni da wannan ladabin. Na zauna kaɗan na ce rana ta dame ni, babu wanda ya ce in ƙara zama.

Ban je wurin Zuliha ba yau.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Na ce wa yarinya ina shayina, ta nuna min kofi a gabana, babu komai a ciki sai ganye. Ta ce, "Baba, na biyu ke nan." Ban yarda ba.

Nicodemus ya leƙo da ya dawo daga coci. Mutumin Kafanchan ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi kaɗai ne bai canza min murya ba. Ya ce, "Malam, ka rame o. Wannan yarinya tana ba ka abinci kuwa, ko sai magani?" Na ce ya tambaye ta. Ya zauna ya yi ta surutun tsadar mai. Da zai tashi ya ce, "Mu a wurinmu siminti muke zubawa, mu rubuta suna da shekara. Duk da haka na fi shekara goma ban taka inda babana yake ba. Kai ba ka rubuta komai ba, amma kowane sati kana can. No worry yourself."

Na ji daɗin maganar har ya fita. Da ya fita sai ta daina yi min amfani.

Talata, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Asibiti. Likitar ta saurari ƙirji ta ce zuciya lafiya lau. Sai ta faɗi abu uku ta ce in riƙe, ta ɗan ja ni da hira, ta dawo ta ce in maimaita. Na kawo ɗaya, lemo. Sauran biyun ko ƙurarsu ban gani ba.

Ta yi bayani da Turanci, yarinya tana juya min. Wai wasu bayan irin wannan aikin kansu yakan yi hazo, suna mantuwa, tunani ya yi nauyi, kuma da yawa yakan washe cikin watanni. Nan yarinya ta tsaya. Amma likitar ba nan ta tsaya ba, ta ƙara da cewa wasu ba ya dawo musu duka. Shekara talatin da takwas a kudu, a ce ban ji wannan ba? Na dubi 'yata, ta dubi takalminta. Na bar ta da zaton ta ɓoye min.

A hanya ta yi ta waya da mijinta, rabi Hausa rabi Inyamuranci. Na tsinci "ƙarshen wata" a ciki.

Alhamis, 16 ga Mayu, da hantsi

Alhaji Falalu ya zo har gida. Mutumin da ni na nema wa ɗaki ranar da ya sauko daga motar shanu da leda ɗaya a hannu, yau shi ne ya zauna a tabarmata yana zagaye-zagaye. Bayan gaisuwa mai tsawo ya fito da ita. Kwamiti ya zauna. Za a sa maƙeri ya yanko turakun ƙarfe, kowanne da lamba, a kafa a kan kowane kabari, a buɗe littafi. Abin da suke roƙo in zauna a hankali in rubuta musu sunayen layi-layi.

Na ce, "Alhaji, mutanena ba buhunan albasa ba ne da za a buga musu lamba."

Ya ce, "Haka ne, Malam. Amma abin da ya faru waccan Talatar a maƙabarta, in ya sake faruwa fa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Sau uku a shekarun baya ana kawo maganar turakun nan ina kashe ta. Ina jin daɗin a ce sai an jira Kallamu, yau na faɗa, tunda takarda ba ta da baki. Na ce masa zan duba. Bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Asabar, 18 ga Mayu, bayan azahar

Tun safe nake zaune da biro. Mutum ɗari biyu da wani abu ne a wurin nan. Na samu tara, kuma ko taran ban san wa ke gaban wa ba. In na kamo suna sai fuskar ta gudu, in na kamo fuska sai layin ya gudu.

Na ce bari in fara da wadda ba zan taɓa mantawa ba. Na rubuta Zuliha. Na sa biro a gefen sunan don in rubuta layinta.

Har aka kira la'asar biron yana wurin.

Na san ranar da ta rasu, Laraba ce, ana yayyafi. Na san launin zanen da aka rufa wa makara. Ni na shiga ramin na karɓe ta. Amma in ka tsayar da ni a gindin yazawa ka ce dama ko hagu, ban sani ba. Akwai kuma wata tambaya da ke biye da wannan, tun ranar Talatar da aka rufe Awwalu take bina. Ita kam ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Ruwa tun safe. Duk wanda aka yi, ƙara shafe wurin yake yi.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan la'asar

An yi rasuwa a layin masu doya, wata tsohuwa. A bakin mai kanti na ji, bayan an dawo. Ba a aiko ba.

Na zauna a ƙofar gida har inuwa ta juya. Masu okada suna wucewa, yara suna dawowa daga makaranta, kowa ya san inda za shi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba, ko a makon da Zuliha ta rasu, domin a lokacin ina da inda zan je in same ta.

Mako bakwai ke nan da aka tsaga ƙirjina. Sun zaro jijiya daga ƙafata ta hagu. Na duba baya na ga na riga na rubuta wannan, kuma yanzu mako tara ne.

Laraba, 22 ga Mayu, da hantsi

Na yi abin kunya. Yarinya ta kawo min faten doya babu gishiri, na ture kwanon na ce, "Zuliha, wai ke ba kya jin magana ne?" Ta tsaya da cokali a hannu. Ba ta gyara min ba, ta ɗauke kwanon ta fita tsakar gida, na ji tana ta wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Da ta dawo ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ranar Lahadi zan koma Onitsha, shago ya fi wata biyu a rufe. Kafin in tafi ina son abu ɗaya. Ban taɓa sanin inda Mama take ba. Na san mata ba ma shiga, ba shiga zan yi ba. Ka tsaya da ni a bakin shinge ka nuna min da hannu, in san wajen da zan riƙa fuskanta in ina yi mata addu'a."

Na ce ƙirjina yana ciwo. Ƙarya nake yi.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ban ci ba. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Na gaya mata. Ban shirya ba, tana ɗaure min igiyar takalmi ne saboda har yanzu sunkuyo yana yi min wuya, sai maganar ta fito da kanta. Na ce, "Ke, ban san inda mahaifiyarki take ba." Na gaya mata na ranar Talata ma, duka, har tambayar da na ƙi rubutawa. Na ce ina tsoron ko ita ce.

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta gama ɗaurin ta ce, "Baba, kwatanta min hanyar masallaci daga nan." Na fara, na kai wurin mai kanti, na rikice. Ta ce, "To ai kullum kai kaɗai kake zuwa, kuma ba ka taɓa ɓata ba. Ina bin ka a baya, ba ka sani ba." Ashe mako biyu tana bina kamar ɓarawon akuya.

Ta ce, "A zaune ne ba ka iyawa. Gobe mu je ka taka da ƙafarka, ka yi gaisuwarka yadda ka saba. Ni zan rubuta."

Na ce ta yaya, tana waje? Ta ɗaga wayarta ta kaɗa min. Kan uwarta ne da ita, ita ma haka take yanke magana.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan azahar

Zan rubuta wannan da sauri tun yana nan.

Nicodemus ya kai mu da sassafe, ya ajiye keke a bakin ƙofa ya kashe inji. Yarinya ta zauna a baya da littafin nan a cinya. Ta kira wayata, ta zura min ita a aljihun gaba, daidai kan ɗinkin. Ta ce, "Kada ka yi tunani, Baba. Gaisuwa kawai."

Na shiga na yi sallama. Ciyawa ta kai ƙwauri, raɓa ta jiƙa min wando. Na dafa bishiyar yazawa na tsaya. Babu komai a kaina, fayau. Har na yi niyyar juyawa, sai na ga na riga na taka zuwa dama, na ji bakina yana cewa, "Malam Yahya mai gyaran agogo, Allah Ya kai haske." Taki biyu, "Sa'a matar mai shayi, Allah Ya kai haske." Sai jaririn gidan Jabir da bai kai suna ba. Sai direban nan na Haɗeja da ba a samu danginsa ba. Suna ta zuwa, wani yana jawo wani, ni dai bin su nake yi. In na yi ƙoƙarin hango na gaba sai ya ɓace, in na sake jiki sai ya zo. Can ƙasa-ƙasa ina jin yarinya a aljihuna tana cewa, "Na rubuta. Na rubuta."

Layi na ɗaya, na biyu, na uku. Na huta a kan wani kututture, numfashi ya dawo, na shiga na huɗu.

Na gaida mutum goma. A na gaba ban ambaci suna ba, domin ban taɓa gaishe ta da suna kamar sauran ba. Ji na yi kawai ina cewa, "Na daɗe ban zo ba, ki yi haƙuri. Aiki aka yi min a zuciya. Yarinyarki ta zo, ta hana ni gishiri."

Sai na dubi ƙasa. Duk layin ciyawa ce, nan kaɗai babu. Jar ƙasa ce sabuwa, ruwa ya ɗan lallatsa ta, ga sawun shebur ɗin Shafi'u a gefe.

Ita ce.

Ranar Talata da suka ce in nuna wuri, kaina babu kowa a ciki. Ƙafafuna suka ɗauke ni suka kai ni inda suka saba zuwa shekara tara, suka tsaya. Mutane suna jira, na ga na tsaya, sai na ce nan. Da bakina na sa aka ɗora diga a kan Zuliha.

Na durƙusa, abin da likita ta hana. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da na sa ta a ramin, ina riƙe da ƙirji don babu matashi. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi tata. Wayar tana ta magana, "Baba? Baba, ita ce?" Da ƙyar na ce ita ce. Sannan ta ce, "Ɗaga hannunka in gani." Na ɗaga. Na hango ta a bakin shinge ta kama waya da hannu biyu, Nicodemus yana gefe ya cire hularsa.

A hanyar dawowa ta ce, "Ba ka manta ta ba, Baba. Ko da ba ka san komai ba, wurinta ka tafi." Ina so in yarda da ita, wani sashe na zuciyata ya yarda.

Na ce Nicodemus ya biya da mu gidan Alhaji Falalu. Ban sauka ba, daga cikin keke na ce masa ya sa maƙeri ya yanko turakun, sauran layukan kuma ya zo da kansa ya bi ni da biro, tun ƙafafun suna iyawa. Na ce turke na farko ni zan kafa shi, kuma ba a layi na ɗaya ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, da yamma

Ta tafi da motar safe. Ta jera magunguna a gwangwani bakwai, ta bar wa matar Nicodemus sallahun abinci. Ta ɓoye gishirin, na duba ko'ina.

Ɗakin ya yi girma.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan asuba

Na farka, ban san inda Zuliha take ba. Na zauna a bakin gado ina lalube a kaina, babu. Sai na ga littafin nan a kan matashi. A bangon ciki akwai rubutun yarinya da manyan baƙaƙe: MAMA, LAYI NA HUƊU DAGA YAZAWA, TA GOMA SHA ƊAYA. AKWAI TURKE.

Na karanta abin da aka rubuta ranar Asabar. Hannuna ne, amma kamar labarin wani tsoho nake karantawa, har ya ba ni tausayi.

Nicodemus ya ƙwanƙwasa katanga ya ce gobe Juma'a, ƙarfe shida zai fito da keke. Na rubuta a nan, na kuma rubuta a tafin hannuna. Ina da labari da yawa da zan ba ta, in na tuna. In ban tuna ba zan tsaya kawai, ta san ni ne.